Labarin Haapsalu, Garin Da Taɓo Ya Ciyar

'Yan makaranta, ku ɗauko taswirar ƙasar Turai ku shimfiɗa. Ku sa yatsa a kan Ingila, ku ja shi gabas, ku ƙetare Denmak, sai ku faɗa cikin wata teku wadda ƙasa ta kusa kewaye ta sarai, ana ce da ita Bahar Baltik. A gaɓarta ta gabas akwai ƙasashe uku ƙanana jere da juna. Ta can arewa ita ce Istoniya, mutanenta duka-duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, babban birninta kuwa Talin. In mutum ya tashi daga Talin ya nufi yamma maso kudu, ya yi tafiyar mil 60 da ɗan ɗori, hanya za ta ƙare masa a wani ɗan gari na bakin ruwa, sunansa Haapsalu. Jamusawa da mutanen Suwidin su kan ce Hapsal. A bakin 'yan ƙasar, ma'anar sunan ita ce kurmin wata itaciya da su ke kira haab, mai ganyen da ba ya daina kaɗawa ko da iska ta kwanta.

Watakila ba za ku same shi a taswirar makaranta ba, gama mutanensa wajen dubu 10 ne kaɗai. Amma cikin shekara 700 da 'yan kai ya ga iyayengiji iri-iri. Bishop-bishop na Jamusawa sun gina shi, Denmak ta saye shi, Suwidin ta ci shi da yaƙi, Rasha ta ƙwace, Jamus ta mamaye shi sau biyu, 'yan ƙasa sun karɓa, an ƙwace musu, sun kuma sāke karɓa. Kowanne ya zo abu guda ya ke tararwa, watau ruwan gaɓar garin ba shi da zurfi, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne baƙi ƙirin.

Ga dalilin rashin zurfin. A zamanin da can, tun ba a san rubutu ba, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai duka, tulinta ya binne tsaunuka, nauyinta ya danne ƙasa har ta lotsa. Yau fiye da shekara dubu 10 ke nan da narkewarta, amma har yanzu ƙasar tana tasowa a hankali, kamar yadda katifar auduga ta kan kumburo bayan ƙato ya tashi daga kanta. A yankin Haapsalu ta kan taso wajen inci ɗaya cikin shekara 10. Za ku ce wannan ai ba kome ba ne. To, ku yi lissafi a allo: shekara 700 inci 70 ke nan, ya kusa ƙafa 6, tsayin dogon namiji. Saboda haka inda jirgin fatake ya ke tsayawa a da, yau agwagwa ke kiwo cikin ciyawar ruwa. Tsibirai sun manne da tudu sun zama unguwanni. Noarootsi, wadda ke fuskantar garin daga arewa, tsibiri ce a tsofaffin taswirori, yau kuwa da mota a ke shigarta.

GANUWAR BISHOP

Kafin shekarar 1200 mutanen Istoniya suna bin addinin kakanninsu, ba su da sarki guda, kowace gunduma da dattawanta. Sai mayaƙan Jamusawa da na Denmak suka zo, gicciye a tuta, takobi a hannu. Aka yi wajen shekara 20 ana gwabzawa, har tsibirin Saaremaa, wanda ya fi ko'ina taurin kai, ya faɗi a 1227. Da shekara ta kewayo aka yanki yammacin ƙasar da tsibiranta aka danƙa wa wani bishop. Kada ku ɗauke shi kamar bishop na yau, mai wa'azi da duban makarantu kaɗai. Wannan shi ne liman, shi ne sarki, yana karɓar haraji, yana da dakaru, yana yanke hukuncin kisa.

Da fari ya zauna a Lihula, sa'an nan ya koma tsohon garin Pärnu. Mutanen Lituwaniya suka kawo hari suka ƙone shi a 1263. Bishop Hermann ya nemi wurin da maharin kudu ba zai kai ba da sauƙi, ya zaɓi wannan ɗan tudu da ruwa ya kewaye. Ya gina babbar majami'a da dutse, ya kewaye ta da ganuwa, a 1279 kuma ya ba mazauna gindin ganuwar takardar 'yancin gari, watau izinin su yi kasuwarsu da majalisarsu da shari'arsu. Daga shekaran nan a ke ƙirga shekarun Haapsalu. Magadansa suka yi ta ƙara wa ganuwar kauri da tsawo, har kewayenta ya fi yadi 800. Majami'ar kuwa ɗaki guda ce tal, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarta, ba ta da na biyu wajen girma cikin irinta a ƙasashen Baltik ɗin nan uku. In an rera waƙa a ciki, murya ta kan daɗe tana yawo a rufin bayan mai waƙar ya yi shiru.

Ganuwa mai kauri haka ba don baƙi kaɗai aka gina ta ba. Manoman ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa gonaki aka mai da su barorin masu ƙasa, sun yi bore a daren 23 ga Afrilu 1343. Wutar ta tashi a arewa, ta bazu zuwa yamma, talakawa suka karkashe Jamusawan da suka samu a ƙauyuka, suka zo suka kewaye ganuwar Haapsalu. Ba su iya shiga ba. Da mahayan Jamusawa suka taso daga wajen Talin, taron ya watse cikin dazuzzuka da fadamu. Bautar nan ta gona ta yi ta ƙara tsanani, ba a soke ta a wannan yanki ba sai 1816.

Akwai wata tatsuniya da kowane yaro a garin ya sani. A gefen majami'ar akwai wani ɗan ɗaki kewayayye mai taga. An ce a zamanin bishop-bishop doka ta hana mace taka cikin ganuwar, wadda ta taka kuwa bakin ranta. Wani daga cikin limaman ya kamu da son wata yarinya 'yar ƙauye, ya sa ta yi shigar maza ta shiga cikin yara masu waƙa. Aka daɗe ba wanda ya gane. Ran da asiri ya tonu, aka jefa shi kurkuku yunwa ta kashe shi, ita kuwa aka gine ta da rai cikin bangon ɗakin nan, aka bar mata gutsuren burodi da ruwa kaɗan. Wai kwana da kwanaki ana jin kukanta. Tun daga nan, in wata ya cika a Agusta, sai a ga Farar Mace tsaye a tagar.

Abin mamaki, ana ganin wani abu da gaske. Dalilinsa kuwa a fili ya ke. A watan Agusta wata ba ya hawa sama ƙwarai, haskensa ya kan shiga ta wata tagar a karkace, ya sauka a bangon ciki, mai tsayuwa a waje kuwa ya hango hasken ta ɗaya tagar kamar surar mutum cikin farin mayafi. Mutanen garin sun san haka sarai, amma bai hana su taruwa kowace shekara ba. Suna yin biki na kwanaki, da kasuwa da kiɗa, da dare kuma a yi wasan kwaikwayon labarin cikin kangon. Ni abin da na lura da shi, sunayen bishop-bishop duka suna rubuce cikin littattafai amma ba mai tunawa da su sai malaman tarihi, yarinyar da ba ta da ko suna ita a ke yi wa biki.

Mulkin bishop ya ƙare ba da yaƙi ba, da ciniki. Sa'ad da Sarkin Rasha Iban, wanda a ke wa laƙabi da Mai Ban Tsoro, ya auka wa ƙasashen nan a 1558, bishop na ƙarshe, Johannes von Münchhausen, ya ga ba zai iya ba, ya sayad da ƙasar ga Sarkin Denmak a 1559, ya koma Jamus da kuɗinsa. Garin ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Suwidin ta riƙe shi sosai a 1581. Daga baya Sarki Gustaf Adolf ya sayad da gari da ganuwa ga wani sarkin yaƙinsa, Jacob De la Gardie. Gobara ta cinye rufin majami'ar a 1688, aka gyara, guguwa ta sāke yaye shi a 1726, aka bar ta haka nan sama da shekara 150. A tsakanin nan, a 1710, yaƙi da annoba suka kusa share garin, Rasha ta karɓi ƙasar. Sarki Bitrus Babba da kansa ya zo a 1715, yana duban gaɓa inda zai kafa tashar jiragen yaƙi. Haapsalu ba ta yi masa ba. Ya zaɓi wani lungu mai zurfi can arewa, inda garin Paldiski ya ke yanzu. Haapsalu ta zauna ƙauyen masunta, mutane suna ɗibar duwatsun kangon suna gina gidajensu.

LIKITA DA TAƁO

Wajen shekara 100 bayan wannan aka kawo wani saurayin likita, Carl Abraham Hunnius, wanda aka haifa a 1797. Cikin yawon duban marasa lafiya ya lura da wata al'ada ta masunta: in sanyin ƙashi ya dami tsoho, sai ya je bakin ruwa da rana ya tura ƙafafunsa cikin taɓon da rana ta ɗumama, ya zauna. Wani likitan da sai ya yi dariya ya wuce, ya ce aikin jahilai ne. Shi kuwa ya tsaya ya tambaya, ya ɗebi taɓon ya gwada a kan marasa lafiyarsa, har da sojojin da ke hannunsa, ya riƙa rubuta abin da ya gani. Da ya tabbata akwai amfani, ya sami wani mai sarauta daga zuriyar De la Gardie ɗin nan ya ba da kuɗi, aka buɗe gidan wankan taɓo na fari a 1825.

Taɓon nan ba irin na kududdufi ba ne. Ciyayin teku da ƙananan halittu ne da suka mutu suka ruɓe shekaru aru-aru, suka gauraya da laka mai laushi cikin ruwa mai gishiri wanda igiya ba ta dama shi. Yana da santsi kamar man shanu, yana warin farar wuta. A kan haƙo shi daga jirgi, a tace, a ɗumama shi ya ɗara zafin jiki kaɗan, a shafe majiyyaci da shi, a nannaɗe shi da bargo na ɗan lokaci, sa'an nan a wanke shi. Babban sirrinsa shi ne yana riƙe zafi ya daɗe, yana sakinsa cikin gaɓoɓi sannu-sannu ba tare da ya ƙona fata ba. Ba ya warkad da kowace cuta, ko da ya ke masu talla a zamanin sun yi ta faɗin haka, amma mai ciwon gaɓoɓi ya kan sami sauƙi. Rashin zurfin nan da ya kori Sarki Bitrus shi ya tara taɓon, shi ya sa kuma ruwan gaɓar ya ke ɗumi da wuri fiye da na sauran wurare. Har akwai wani bakin ruwa a garin da su ke kira Gaɓar Afirka. Waɗansu sun ce don ɗumin ruwan ne, waɗansu sun ce don masu wanka su kan fito baƙi wuluk da taɓo. Wanda ya san zafin Afirka na gaske, in ya sa ƙafa a ruwan nan zai yi dariya.

Labari ya kai San Fitasbag, babban birnin Rasha a lokacin. Masu sarauta da manyan ma'aikata da matansu suka fara zuwa da jirgin ruwa kowace bazara. Sarki Iskandar na 2 ya zo da iyalinsa ba sau ɗaya ba, Iskandar na 3 ya zo, Nikolas na 2 ma ya zo yana yaro. Inda sarki ya sa ƙafa kuwa, fadawa ba su bari. Masu gida a garin su kan ba baƙi hayar ɗakunansu, su koma rumfar bayan gida su ƙare bazara a can. Aka shirya hanyar shan iska a bakin ruwa, a 1898 kuma aka gina babban zauren shaƙatawa na katako, mai sassaƙa kamar zanen hula, da rumfar makaɗa a gefensa. Yana nan tsaye har yau, ana cin abinci ana kiɗa a cikinsa da bazara.

Cikin baƙin 1867 akwai wani malamin kiɗa ɗan shekara 27, aljihunsa ba nauyi, sunansa bai kai ko'ina ba tukuna. Shi ne Caikofski, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na duniya. A nan ya tsara kiɗa uku na piyano ya haɗa su da suna guda, ma'anarsa tunawa da Hapsal, na farinsu kuwa a kan kangon ganuwar ne. A 1940 wani masassaƙin dutse ɗan garin, Roman Haavamägi, ya yi bencin dutse don tunawa da shi a bakin ruwa, inda a ke cewa ya kan zauna ya dubi faɗuwar rana.

Saboda manyan baƙin nan aka jawo hanyar jirgin ƙasa, ta iso a 1905. Tashar da aka gina ta fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. Tana da zaure na musamman domin sarki, da dakalin sauka mai rufi wanda tsawonsa ya fi yadi 230, don kada ruwan sama ya taɓa ko mutum ɗaya in jirgin sarki ya tsaya. An gama ginin a 1907. Shekara 10 bayan haka sarautar Rasha ta faɗi.

MAYAFIN DA KE BI TA ZOBE

Baƙi su kan tafi da ƙarewar Agusta, garin ya yi tsit. A can arewa tsawon yini ba daidai ya ke ba kamar yadda kuka saba. A tsakiyar Yuni rana ta kan yi sa'a 18 ba ta faɗi ba, a Disamba kuwa sa'a 6 kaɗai a ke ganin haske. Cikin dogon daren nan na hunturu matan Haapsalu suka samo sana'ar da ta kai sunan garin inda taɓo bai kai ba. Suna saƙa mayafi da zaren ulu fari siriri, da 'yan sanduna biyu da aka fiƙe daga itace. Sai an saƙa tsakiyar dabam, bakin dabam, a ɗinke su da hannu, a wanke, a miƙe a kan katako mai ƙusoshi har ya bushe, sa'an nan zanen ya fito, na ganye ko na fure. Gwajin mai kyau shi ne a zare shi duka ta cikin zoben aure ya wuce.

Cikin zanen akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero, suna ce da su nupp. A kan yi kowanne da naɗa zare sau da yawa a ido guda, sa'an nan a tattara su a ɗaure gaba ɗaya. Su ne shaidar aikin hannu, gama injin saƙa bai iya su ba. An ce kuma da awo a ke sayen mayafin a da, ƙullin kuwa yana ƙara nauyi, ashe matan sun san lissafinsu. Uwa ta kan koya wa 'yarta tun tana ƙarama, ba littafi, sai dai wani dogon ƙyalle da aka jera zane-zane a kai ana ajiye shi a gida. Da bazara su tari jirgi da kayansu a kwando. Matan Rasha suka kai mayafin San Fitasbag, daga can ya bazu. Waɗansu zanen ma an sa musu sunan wanda aka yi wa kyautarsu, akwai na Yariman Suwidin, akwai na Greta Garbo 'yar wasan sinima. Kuɗin mayafi ya ciyad da gidaje da yawa a shekarun da kifi ya yi wuya. Har yanzu akwai ƙungiyar masu saƙa a garin, da gidan da su ke zama suna aiki a gaban baƙi.

MUTANEN DA SUKA TAFI

Saura kaɗan Haapsalu ta sami wata daraja a tarihi. A Fabrairu 1918 shugabannin Istoniya suka shirya takardar shelar 'yancin ƙasarsu, suka yi niyyar karanta ta a nan ran 21 ga wata, don rundunar sojan 'yan ƙasa tana garin. Suna hanya labari ya tarye su, Jamusawa sun ƙetaro daga tsibirai sun riga su shiga. Aka karanta ta a Pärnu ran 23, a Talin kuma aka kafa gwamnati ran 24, ita ce ranar da ƙasar ke biki har yau.

Amma akwai waɗansu mutane da ya kamata ku san labarinsu, don ba su nan balle su faɗa da bakinsu. A tsibirai da gaɓar da ke kewaye da garin, kamar Vormsi da Noarootsi da Osmussaar, mazaunan ba Istoniyawa ba ne, mutanen Suwidin ne. An ambace su cikin dokokin garin Haapsalu tun 1294. Masunta ne da manoma da maharban dabbar teku. Suna da takardun sarakuna da suka ce su 'ya'ya ne, ba barorin gona ba, suka yi ta kai ƙarar masu ƙasa da takardun nan tsara bayan tsara. Wani lokaci su ci, wani lokaci a kāda su. Na tsibirin Hiiumaa sun sha kaye mai ciwo, gama a 1781 Sarauniya Katarina ta sa aka kora su da ƙafa zuwa Yukren, da yawa suka mutu a hanya. Waɗanda suka rage a gaɓar suka riƙe harshensu, wani tsohon irin Suwidanci wanda ko a Suwidin ba kowa ke gane shi ba, da tufafinsu, da wata garaya tasu da a ke gogawa da baka. Haapsalu ita ce kasuwarsu da birninsu. A ƙidayar 1934 sun kai 7,641 a ƙasar duka.

A 1939 Tarayyar Sobiyet ta tilasta wa Istoniya ta ba ta sansanonin soja, aka fara kwashe mutanen waɗansu tsibiran. A 1940 ta haɗiye ƙasar ɗungum. Daren 14 ga Yuni 1941 aka bi gida-gida aka kwashi mutum wajen dubu 10 daga Istoniya, galibinsu mata da yara da tsofaffi, aka zuba su cikin taragun dabbobi sai Sibiriya. Na yankin Haapsalu ta hanyar jirgin nan da aka shimfiɗa domin masu shan iska aka bi da su. A tashar Risti, kan hanyar, akwai abin tunawa da aka yi da ƙarafan dogo. Jamusawa suka zo a shekaran nan, suka fara ɗibar samari soja. Da aka ga Sobiyet za ta komo, mutanen Suwidin ɗin nan suka yanke shawara. A 1943 da 1944, waɗansu cikin ƙananan jiragen kamun kifi da dare, waɗansu cikin jirgin da aka shirya da yardar Jamusawa, wajen dubu 7 suka ƙetare teku. Suka bar shanu a garke, da maƙabartar Vormsi mai gicciyen dutse kewayayyu fiye da 300. Zaman shekara 650 ya ƙare cikin shekara biyu. Yau sunayen ƙauyukan suna rubuce da harshe biyu a bakin hanya, akwai gidan kayan tarihinsu a Haapsalu, jikokinsu kuma su kan zo da bazara.

Cikin masu gudun 1944 akwai wata yarinya 'yar shekara 14, Ilon Wikland, wadda ta girma a gidan kakanta, limamin majami'ar Rashawa ta garin. A Suwidin ta zama mai zane, ita ta zana hotunan yawancin littattafan yara na Astrid Lindgren, waɗanda aka juya cikin harsuna da yawa. Yara a ƙasashe masu nisa sun yi ta kallon ƙananan gidajen katako da lunguna da ganuwa cikin littattafan nan, ba su san Haapsalu su ke kallo ba. Bayan ƙasar ta komo hannun 'ya'yanta a 1991, ta ba da kyautar ɗaruruwan zanenta, aka buɗe musu gida a garin.

A zamanin Sobiyet an rufe gaɓar, an kafa sansanin jiragen sama na yaƙi a bayan gari, an kwashi waɗansu mutanen kuma a Maris 1949. Majami'ar bishop, wadda aka gyara tun 1889, har rumbun hatsi aka mai da ita.

TAKOBI DA ƘANƘARA

Cikin shekarun nan masu wuya, a farkon shekarun 1950, wani malamin wasanni mai suna Endel Nelis ya zo koyarwa a makarantar garin. Yaran da ya tarar da yawansu ba su da uba, yaƙi ya ci waɗansu, Sibiriya ta ci waɗansu. Ya fara koya musu wasan takobi. Ga yadda a ke yinsa. Mutum biyu su sa fararen tufafi masu kauri da hular waya mai rufe fuska, su tsaya a kan wani dogon fili siriri mai tsawon yadi 15. Takobin siriri ne, ba kaifi, ba tsini, a bakinsa akwai ɗan maɓalli haɗe da wayar lantarki, in ya taɓa jikin abokin karawa fitila ta kama. A irin wanda Haapsalu ta ƙware a kai, ko'ina a jiki halal ne, daga hula har yatsan ƙafa, in kuwa duka biyu suka taɓa juna a tare, kowa ya ci ɗaya. Saboda haka mai gaggawa shi ke shan kashi. Wasan mai haƙuri ne da auna tazara, ƙarfi ba ya sayen kome a ciki.

Nelis ya rasu a 1993, 'ya'yansa suka gaje shi a koyarwa. A 2015 aka yi wasan sinima a kan rayuwarsa, ko da ya ke masu shirya shi sun ƙara gishiri kamar yadda suka saba. Abin da ba ƙari a ciki shi ne wannan: Nikolai Novosjolov, haifaffen Haapsalu, ya zama zakaran duniya a 2010, ya kuma maimaita a 2013. Katrina Lehis, ita ma haifaffiyar garin, ta sami lambar tagulla a wasannin Olimfik na Tokiyo da aka yi a 2021, sa'an nan ita da 'yan'uwanta uku suka kāda Koriya ta Kudu da ci 36 da 32 suka ɗauki zinariya.

Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja zuwa garin a 1995, a 2004 aka ɗebe ƙarafan. Hanyar ta zama ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, tashar sarki kuma ta zama gidan kayan tarihin jirgin ƙasa, tsofaffin kawunan jirgi suna jere a gefen dakalin. Gidajen wankan taɓo suna aiki, baƙinsu yanzu Istoniyawa ne da mutanen Finlan.

In hunturu ya yi tsanani, teku ta kan daskare. Samari su fito da jiragen ƙanƙara, watau katako mai ƙafafun ƙarfe uku da filafilai, iska ta kwashe su da gudun da ya fi nata. In kaurin ƙanƙarar ya kusa inci 9, hukuma ta kan buɗe hanyar mota a kan teku: gajeriya daga garin zuwa Noarootsi, doguwa kuwa daga tashar Rohuküla zuwa tsibirin Hiiumaa, wajen mil 16, ba ta da tsara a Turai. Dokokinta sun saɓa wa na tudu. An hana ɗaura ɗamarar kujera, don mutum ya iya fita da sauri in ƙanƙara ta tsage. An hana tsayawa, an hana shiga bayan faɗuwar rana, motoci kuma ɗaya-ɗaya a ke sakinsu da tazara. Ana gargaɗin a guji gudu tsakanin mil 15 da mil 25 a sa'a, sai ƙasa da haka ko sama, domin a gudun nan mota ta kan tayad da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara wadda ke tafiya daidai da ita, tana ƙaruwa har ta fasa hanyar. Inda tsaga ta buɗe a shimfiɗa katako a haye. A 'yan shekarun nan hunturu ya rage ƙarfi a Bahar Baltik, shekaru da yawa su kan wuce ba a buɗe doguwar hanyar ba ko yini ɗaya, masu zuwa Hiiumaa sai su jira jirgin fito a Rohuküla.